Inna Ba Ta Zuwa Sai Ina Kwance

Har yau ina jin haushin matan unguwarmu a Karaye da suke cewa don abin duniya na yi abin da na yi. Ƙarya suke yi, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba don na faɗi haka. Madarar gwangwani da lemon da ake kawo mini dubiya, yaran maƙwabta ne suka shanye su. Na yi laifi, laifin da ya fi sata muni, na kuma yi zaman gidan yari a kansa. Amma in za a zage ni, a zage ni da abin da na aikata. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, ni da ban iya riƙe biro ba sai da furfura ta fara leƙo mini. Ku yara masu tasowa nake yi wa. In kun ga magana ta karkace, ku dai daure ku karanta.

A Falgore ta ƙasar Rogo aka haife ni. Babana manomi ne mai 'yan shanu, Innata Bafulatana ce, ni ce kuma 'yar farinta. Ku na yanzu da kuke hawa cinyar uwayenku kuna ja musu kunne ba lallai ku gane abin da wannan yake nufi ba. Inna ba ta faɗin sunana. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "Ke, wannan." In baƙuwa ta tambayi 'yar wa ce, sai ta kau da kai ta ce ta gidan ce. Ƙannena takan kama su ta yi musu kitso a tsakanin ƙafafunta, ni kuwa maƙwabciya ake tura ni wurinta. Ba ƙiyayya ba ce. Kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi mata, kuma duk garin yabonta ake yi a kan haka. Ni ma na taso ina yabon, ina kuma kallon hannunta daga nesa.

Sai wata shekara ƙyanda ta kama ni. Na yi girman da ba a goya ni, amma Inna ta goya ni, ƙafafuna na bugun gwiwoyinta, har wurin mai magani. Ta kwantar da ni a shimfiɗarta. Ta riƙa ba ni kindirmo a baki da ludayi. Wata rana da hantsi, ina jin zafi kamar an saka ni a tanda, ta ɗora bayan hannunta a goshina, hannun yana ƙanshin man shanu da hayaƙi, ta sunkuyo ta kira sunana a hankali. Sunana na yanka. Ban taɓa sanin haka yake da daɗi ba.

Da na warke, na koma "ke, wannan."

Ƙaryar farko ƙarama ce, irin wadda kowane yaro ya taɓa yi. Lokacin cirar gyaɗa ne. Na faki ido na kifa goshina a kan murfin tukunyar da aka sauke, na je na rakuɓe a bakin ƙofa ina nishi. Ba aikin gona nake gudu ba, ni mai son gona ce. Inna ta zo wucewa ta tsaya, ta ɗora hannun. Shi ke nan, na sami hanya. Ba kullum nake yi ba. Sai abin ya taru mini a ƙirji, kamar yunwa, sannan in yi.

Na yi aure a Karaye da son raina. Malam Habu tela ne a bakin kasuwa, mutum mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. To amma kun san yadda abin yake, uwa ba ta zirga-zirga gidan suruki, balle gidan 'yar fari. Salla ta zo ta wuce, Inna sai dai ta aiko da man shanu a kwalba. Abu ɗaya ne kawai ke ɗauke mata wannan kunya, a ce mata 'yarki tana kwance. Ranar nan za ta yafa mayafi ta hau babur, ba ta ko tsaya ta tatsi shanu ba.

Sai na zama mai kwanciya. Na iya cizon cikin kumatuna in tofar da jini a gaban Malam. Na iya dafa ganyen wankin ciki in sha har in kasa tsayuwa. Zaman asibiti ya koya mini maganganun da ke sa likita ya ajiye biro ya ɗago kai, da inda ake dafewa, da lokacin da ake yin ƙara. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba, na haddace sunayen allurai kamar karatun allo. Malam ya kai ni wurin masu rubutu, ya kai ni wurin masu ruƙiyya, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce mutanen ɓoye. Wata rana yana ɗaure mini kaya ya yi murmushi ya ce, "Ke kam gadon asibiti ya fi katifarki sanin bayanki." Na fashe da kuka, ya yi ta ba ni haƙuri. Washegari ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa.

Har Kano aka kai ni. Na yi ta birgima ina riƙe da gefen ciki yadda na ga wata ta yi, har likitoci suka ji tsoron kada wani abu ya fashe, suka shiga da ni tiyata. Ba su sami komai ba. Da na farfaɗo, Inna na zaune a kaina da mafici tana yi mini fifita. Ku saurara da kyau, don a nan ne za ku gane irin ramin da nake ciki. An tsaga cikina mai lafiya, tabon yana nan har gobe, ni kuwa a kan gadon nan murna nake yi.

Amma mutane suna gajiya. 'Yan dubiya suka ragu. Masu cewa "sannu" suka koma cewa "har yanzu dai?" Inna ma ta fara turo ƙanena Isa a madadinta.

Ana cikin haka Allah ya ba ni ciki bayan doguwar jira. Na tafi Falgore wankan gida, na haifi Hanne. Kwanakin jegon nan su ne mafi daɗi a rayuwata, don Inna ce ke yi mini wanka da ganye, ita ke dama mini kunun kanwa, ba tare da na yi ƙaryar komai ba. Da aka yi arba'in aka mayar da ni ɗakina. Kuma ga abin mamaki, ni da na san zafin abin, sai na ɗauki kunyar nan na yafa. Ba na faɗin sunan Hanne. In da mutane, ba na ɗaukarta. Ina son yarinyar nan kamar in haɗiye ta, amma sai in ce, "Ku ɗauke waccan, tana damuna."

Hanne ta fara tafiya da surutu sai zazzaɓi na gaskiya ya kama ta, aka ba mu gado. Inna ta iso da zanen da take dakan gero da shi. A ɗakin marasa lafiya ba wanda ke lura da kunya. Na rungume 'yata yini guda, ina shafa kanta, ma'aikatan jinya suna cewa ba su taɓa ganin uwa mai kula irina ba. Inna tana gefe tana yi wa jikarta tsiya, "Tashi, raguwa, ko so kike in ƙwace miki mijin?" Mu uku a tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Da aka ce an sallame mu, kowa ya yi hamdala, ni kuwa gabana ya faɗi.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Bayan 'yan makonni na dafa ganyen nan na zuba a kunun 'yata. Na gaya wa kaina kaɗan ne, kwana biyu za ta warke. Aka ba mu gado, Inna ta zo. Na sake. Na kuma sakewa. Yarinyar da ke da kumatu ta koma ido da haƙarƙari. In ta ga na ɗauko kofi sai ta juya fuska ta ce, "Umma, ɗaci." Ni kuma in ce, "Sha, magani ne." Ina sallah, ina azumi, ina kuka na gaskiya a bakin gadonta ina roƙon Allah ya ba ta lafiya, da hannun da na zuba mata nake ɗaga addu'ar. Kada ku tambaye ni yadda abu biyun nan suka zauna a zuciya ɗaya. Sun zauna.

Inna ce ta kama ni. Tsofaffi ba sa ba yaro abu sai sun ɗanɗana. Ranar nan a asibiti na fita alwalar la'asar na bar kunun a buɗe, na dawo na same ta da cokali a baki. Matar da ta tashi a daji tana bin shanu, wane ganye ne za a ɓoye mata? Ta dube ni. Tunda nake ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ranar. Ta ɗauki kofin da hannu biyu ta wuce da shi wurin ma'aikaciyar jinya.

A ranar aka wuce da Hanne Kano, jikinta ya riga ya bushe, da ƙyar aka samo jijiyar da za a ƙara mata ruwa. Allah ya yi da sauran kwananta. Ni kuma 'yan sanda suka tafi da ni.

A kotu aka kira Inna shaida. Ta ce, "Wannan ce ta zuba." Alƙali ya ce, "Baba, wace ce wannan? Kotu ba ta san wannan ba, ki faɗi sunanta." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya sake tambaya. Sai ta faɗa. A gaban jama'a, a gaban Malam Habu da kansa ke sunkuye, uwata ta faɗi sunana don a ɗaure ni. Allah ya yafe mini, abin da na fara ji daɗi ne. Daga baya ne kunyar ta zo.

Malam ya sake ni, ban ga laifinsa ba. Riƙon Hanne ya koma hannun Inna a Falgore.

A gidan yari ma ban daina ba. Satin farko na yanke jiki na faɗi a layin abinci. Akwai wata Tabawa, awaki ta sata, bakinta ba linzami. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ku duba, suma ce ta zamani, ta zaɓi inda babu tsakuwa! Tashi, Hajiya Ƙarin-ruwa, kafin a cinye gabzarki." Mata suka kwashe da dariya. Sunan ya bi ni. Da suka ji abin da ya kawo ni kuwa, dariyar ta ƙare. Ɓarayi da masu sayar da ƙwaya suka daina cin abinci da ni, kuma sun yi daidai.

Akwai wata likita mai duba lalurar ƙwaƙwalwa da ke zuwa ɓangaren mata lokaci-lokaci. Da aka ce in je, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Aka dai tura ni. Na shiga ina dafe da ciki, na shirya mata karatuna tsaf. Ta auna ni, ta duba idona, ta ga tabon tiyata, ba ta yi mini gardama a kan komai ba. Sai ta ajiye abin awon ta ce, "Na ji inda ke ciwo. Yanzu gaya mini, in kin kwanta, wa kike so ya zo?"

Likitoci da yawa sun tambaye ni, malamai sun tambaye ni, 'yan sanda sun tambaye ni da tsawa. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na buɗe baki in yi ƙarya, sai kuka ya riga ta fitowa.

Ita ce ta gaya mini abin da ke damuna sananne ne a wurinsu, ba ni kaɗai ba ce. Ta ce akwai mai ƙaryar ciwo don ya guje wa aiki ko ya sami wani abu a hannu, wannan daban. Akwai kuma wanda kwanciyar ce kanta yake nema, da hannun da za a ɗora masa, har ya yarda a yanka shi, wani ma har ya taɓa ɗan da ya haifa. Na yi wuf na ce, "To ashe ba laifina ba ne." Ta ce, "A'a, Hajiya, kada ki yi saurin tsallakewa. Lalura ce, amma ba ita ta ɗauki kofin ba. Ke kika ɗauka. Za mu yi maganin lalurar, laifin kuma ki ɗauke shi ki kai gaban Allah da gaban yarinyar."

Maganin nata ba allura ba ne. Cewa ta yi, "Duk ranar da na zo, ki zo. Ko da ciwo ko babu. Ranar da babu ma na fi son ganinki." Na ɗauka wayo ne. Zuwa na biyu na zo da ciwon kai, na uku da jiri. Takan duba ni a taƙaice, ba ta taɓa ce mini maƙaryaciya ba, ba ta kuma taɓa rubuta mini maganin da ba na buƙata ba, sai ta ja kujera mu yi hira. Na lura hirar ba ta ƙaruwa don na zo da ciwo, ba ta raguwa don na zo babu. Wata rana na shiga na zauna, ta ce yaya jiki, na ji bakina ya ce lafiya lau. Na tsorata, na zaci za ta ce to tashi ki ba wata wuri. Sai ta gyara zama ta ce, "Madalla. Ba ni labarin Falgore."

A can na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, ni da Tabawa a benci ɗaya, tana kwafar nawa tana zagina. Da wa'adina ya cika na fito, Isa ya ba ni ɗaki a gidansa a Karaye, na ci gaba da ajin manya, ina kuma shiga Kano ganin likitar a ranakun da ta sa mini.

Yanzu ku ji nawa, ku yara. In kai ne ko ke ce mai kifa goshi a murfin tukunya, kada ki ce ƙaramin abu ne. Nawa ma daga nan ya fara. Ki nemi wanda za ki gaya wa abin da kike so na gaskiya, da bakinki, ko da muryarki na rawa. In abin ya fi ƙarfinki ki je wurin likitan ƙwaƙwalwa, zuwa can ba hauka ba ne. In kuma a gidanku akwai irina, kada ku tara mata jama'a ku tona ta, za ta canza asibiti ne kawai ta ƙara ƙwarewa. Kada kuma ku yi ta binta da magani da tiyata. Ku kai ta inda ya dace, sannan ku riƙa zuwa wurinta ranar da take tsaye da ƙafafunta, ba sai ta kwanta ba. Amma in da yaro a tsakani, in kun ga yaro yana warkewa a hannun kowa yana lalacewa a hannun mutum ɗaya, ku ɗauke yaron tukuna, a yi maganar kunya daga baya. Da Inna ta rufa mini asiri ranar nan, da yanzu kabari nake da shi ba 'ya ba. Ku kuma iyaye mata masu kunyar ɗan fari, ban ce ku zubar da al'ada ba, amma kunyar da za ta hana ki taɓa kan 'yarki sai tana zazzaɓi, ki rage ta.

Kada ku zaci na warke kamar an cire ƙaya. Na yi watanni da fitowa, Inna ba ta zo ba. Takan ba Isa daddawa da man shanu ya kawo, babu saƙo. Hanne an ce ta shiga firamare, an ce ta yi tsawo, an ce ta iya tatsar nono. An ce, an ce. Wata ranar kasuwar Karaye da yamma na bi ta layin masu magunguna, sai ga ganyen nan an kasa shi a kan buhu. Na saya. Na kawo gida na dafa, na zauna ina kallon tururinsa. Na san lissafin sarai, in na sha yau, gobe Isa zai buga waya, jibi da hantsi zan ji sallamar Inna.

Sai na tuna abin da likitar ta taɓa tambayata, na kuma share ta da wata magana. Ta ce, "Tunda kika yi aure, kin taɓa zuwa wurinta haka kawai, ba salla ba, ba suna ba, ba ciwo ba?" Ban taɓa ba. Shekara da shekaru ina jan tsohuwa a kan babur zuwa bakin gadona, ban taɓa tunanin hanyar nan tana tafiya ta ɗaya ɓangaren ba.

Na ɗauki tukunyar na juye a kwata. Isa na dawowa daga masallaci na tare shi a zaure na gaya masa abin da na saya da abin da na yi da shi. Ya daɗe yana kallona. Na ce, "Gobe ka kai ni Falgore." Ya ce, "Yaya, in ta ƙi fitowa fa?" Na ce, "Sai in gaida ƙofar in dawo."

Da safe na yi wanka, na ci ɗumame na ƙoshi, na sa kwalli, na ɗaura zanena mai kyau. Matar Isa ta ƙullo mini ƙuli-ƙuli da alewa ta ce ba a zuwa wurin yaro hannu rabbana. Na ce ta mayar. Duk abin da za a sa a baki ba zai fito daga hannuna zuwa wurin yarinyar nan ba, sai ranar da ita da kanta ta miƙo hannu. Na hau bayan babur ɗin Isa ba tsaraba.

Na yi sallama a ƙofar gidanmu da ƙarfi. Inna ta fito da ƙwarya a hannu, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, na san abin da take nema. Wata doguwar yarinya ta leƙo ta bayanta, ta riƙe mata gefen zane.

Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana." Sannan na ɗaga kai, a gaban Inna, a gaban Isa, na ce, "Hanne, ina kwana." Yarinyar ta ƙara shigewa bayan kakarta.

Inna ta ajiye ƙwaryar. Ta matso ta ɗora bayan hannunta a goshina, yadda ta saba.

Na ce, "Babu zazzaɓi, Inna. Ba abin da ke damuna. Zuwa kawai na yi."

Ta ce, "Na ji babu."

Ba ta ɗauke hannun ba.